Ba Ni Na Zaɓi Waɗanda Allah Ya Aiko Mini Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na sha ba da wannan shaida da baki a taron Zumuntar Mata, amma kullum lokaci kan ƙure kafin in kai inda nake so, ko kuma kuka ya tare mini murya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta a tsanake. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu daga cikin mutanen da zan ambata sun rasu, wasu kuma muna haɗuwa da su a kasuwa har gobe.

An haife ni a wani ƙauye a gindin duwatsun Michika, a arewacin Adamawa. Mu Kamwe ne, waɗanda aka fi sani da Higi. Babana manomi ne, dawa da gyaɗa da wake, kuma dattijo ne a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ikkilisiyar da ta fara a Garkida a 1923 a ƙarƙashin wata tsamiya. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya musulunta tun yana saurayi, lokacin da ya tafi koyon kasuwanci. Ban taɓa ganin hakan ya hana su sa hannu a akushi ɗaya ba. Da Kirsimeti shi ake kira ya yanka akuya don iyalinsa su ci ba shakka, da Babbar Sallah kuma cinyar rago tana zuwa gidanmu a kwano an rufe da faifai.

A ikkilisiyarmu an koya mana tun muna yara cewa mai bin Yesu ba ya ramuwa. Mukan wanke wa juna ƙafa kafin jibin Ubangiji. Na haddace ayar nan ta Ayyukan Manzanni sura 17, inda Bulus ya ce daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'umman duniya, har na ci kyautar fensir da ita a makarantar Lahadi. Haddar ba ta yi mini wuya ba a lokacin, don ba wanda ya taɓa ni tukuna.

Aure ne ya kai ni Mubi. Maigidana kafinta ne, yana da rumfa kusa da kasuwa, yana buga gadaje da kujeru da bencin coci, wani lokaci har akwatin gawa. Ni kuma tela ce, kekena yana zaure. Mubi gari ne na nema: shanu daga Chadi da Kamaru, ɗaliban Poli, Fali da Gude da Margi da Kilba da Fulani da Hausawa da Ibo, kowa na bin abincinsa. Katanga ɗaya ce tsakanina da wata baiwar Allah Musulma da ta girme ni, ina kiranta Yaya. Ni ke ɗinka mata kayan Sallah da na 'ya'yanta. Da na haifi autana, uwata tana nesa, ita ta tsaya mini a wankan jego, ta hura wuta ta dama kunun kanwa. Babban ɗanta a gabana ya girma. Yakan zauna a zaurena yana tsince mini ƙyallaye, in na sauke tukunya in zuba masa tare da nawa. Maigidana ma ya ɗauke shi koyon aiki na ɗan lokaci, daga baya ya daina zuwa.

Abin bai faɗo mana rana ɗaya ba. A Oktoban 2012 aka bi ɗalibai har ɗakunansu a Wuro Patuji aka kashe. A 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, aka yanke layukan waya. A Afrilun 2014 aka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyarmu, muka yi azumi muka yi kuka. A Yuni bam ya tashi a Kabang, cikin garin Mubi. A Satumba Michika ta faɗa hannun Boko Haram, surukata ta iso mana da zane ɗaya da kumburarrun ƙafafu, ga hawan jini ga ciwon suga. Duk da haka ba mu tashi ba. Mutum yakan ce ina za ni, wa zan bar wa kayana. Kuma kowa na cewa ai akwai bariki, Mubi ba za ta faɗi ba.

Ranar Laraba, 29 ga Oktoba, 2014, maigidana ya yi sammako ya tafi rumfa, akwai aikin da ya yi alkawarin bayarwa. Ina dama kunu muka fara jin manyan bindigogi daga nesa. Kafin hantsi titi ya cika, wani da katifa a ka, wata da goyo a baya da wani yaron a kafaɗa, ɗalibai da jakunkuna. Wayata ta yi ƙara. Ya ce, "Ki ɗauki Mama da yara ku bi ta Gella. Kada ki jira ni, zan same ku a hanya." Na ce ya bar rumfar ya taho yanzu-yanzu. Ya ce to. Ban ƙara jin muryarsa ba.

Kafin mu fita na buga wa Yaya ƙofa, in gaya mata mun tafi. Na ji motsi a ciki. Na kira ta, na sake kira. Ba a buɗe ba. Wannan ƙofar na riƙe ta a zuciya shekaru.

Ba mu bi kwalta ba, gonaki muka kutsa. Kaka ce, dawa ta fi mutum tsayi, ita ta rufa mana asiri. Babban ɗana yana da shekara 14 a lokacin. Ni da shi muke karɓa-karɓar goyon Mama, 'yata tana jan hannun auta. Abincinmu ɗanyar gyaɗa da muke tugewa a gonakin mutane, da karan takanɗa. Ruwa kuwa duk inda muka tarar ya kwanta. Maganin Mama yana can gida tare da komai namu. Da dare sanyin duwatsu ya sauko, muka cusa yaran a tsakiya. Mama ta yi ta cewa da yarenmu, "Ku ajiye ni a nan, ku tsira da jikokina." Na ce, "Mama, in ɗanki ya tambaye ni ina na bar ki, me zan ce masa?" Ta yi shiru.

Ta wata 'yar hanya kusa da Sahuda muka tsallaka, muka faɗa ƙasar Kamaru, yankin Bukula. Ba mu ma san mun tsallaka ba sai da muka ga ana ciniki da sefa.

A wani ɗan ƙauye mai gidaje kaɗan jikin Mama ya ƙi. Numfashinta ya canja, ba ta gane mu sosai. Muka kwantar da ita a gindin wata bishiya. Da na ɗaga kai sai na ga ashe gaban masallaci ne, ga maza sun idar da la'asar suna fitowa da carbi a hannu. Cikina ya ɗuri ruwa. Na raɗa wa yaran kada kowa ya faɗi sunansa. Wani tsoho mai farin gemu ya nufo mu yana dogara sanda, ya yi magana da Fulatanci, da ya ga ina lalube sai ya juya Hausa. Ya ce, "Daga Mubi?" Na ce i. Ya ce, "Ku shigo gida."

Na ce, "Baba, mu Kirista ne." Na faɗa ne don in abin da zai faru zai faru, ya faru a fili, kada a ce mun shiga gidan mutum da yaudara.

Ya dube ni ya ce, "Na tambaye ki? Tsohuwa tana kwance a ƙasa. Ɗauko ta."

Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakinta, ta kawo kindirmo da fura. Yaran suka sha har suna shaƙewa. Ta riƙa ɗiga wa Mama ruwa a baki da ludayi, amma ba ya wucewa. Ita ba ta jin Hausa, ni Fulatancina na gaisuwa da ciniki ne, haka muka kwana zaune, Mama tana tsakaninmu. Kafin asuba Ubangiji ya karɓi abinsa. Ita ce ta shafa mata ido ta rufe, ta ɗaure mata haɓa da ƙyalle, don ni hannuna rawa yake yi.

Da gari ya waye Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya yi mini gaisuwa. Sai ya ce, "'Yata, ku yaya kuke yi wa naku?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. A gida fasto da dattawa ne ke tsayawa, mu mata namu waƙa da girki. Ga matar da ɗanta ke buga wa mutane akwati, yau ba ko katako ɗaya. Na ce, "Baba, mukan yi wanka, mu suturta, mu yi addu'a da waƙa, mu binne." Ya ce, "To, ba nisa tsakani." Ni da matarsa muka yi wa Mama wanka a bayan ɗaki. Da aka zo sutura, zanen jikinta ya yage ya yi ƙasa, nawa ma haka. Baba ya shiga ɗakinsa, na ji ya jawo akwatin ƙarfe, ya fito da farin yadi a ninke, yana ƙamshin turare. Matarsa ta dube shi ta faɗi wata magana a hankali, ya ba ta amsa a gajarce. Wani jikansa mai jin Hausa ne ya gaya mini daga baya cewa likkafaninsa ne, wanda ya saya ya ajiye wa kansa tun shekarun baya.

Suka ba ni allura da zare da reza. Na zauna a ƙofar ɗaki na ɗinka da hannu. Na ɗinka kayan amare, na ɗinka kayan suna, amma ban taɓa lura da kowane ɗinki ba irin na ranar.

Baba bai ɓoye mini komai ba. Ya ce maƙabartarsu ta Musulmi ce, ba shi kaɗai ke da ita ba, amma gona tasa ce. Samari suka ɗauki diga da shebur suka haƙa a kusurwar gonarsa, ƙasa mai tsakuwa, har hannunsu ya yi kanta. Suka aiko a tambaye ni ina za a sa kai. Na ce ko'ina, Allah ya san inda take. A al'adarsu mace ba ta zuwa bakin kabari, amma Baba ya ce a bar ni, ba ta da kowa a nan sai ni. Suka saukar da ita a hankali, sannan suka ja da baya suka tsaya. Ɗana ya karanta Zabura 23 da ka, muryarsa tana karyewa. Muka yi waƙa ɗaya daga cikin waɗanda Mama take so, muka yi Addu'ar Ubangiji. Suka dawo suka mayar da ƙasa, suka jera duwatsu, suka sa ƙaya saboda kura da karnuka.

Na kwance 'yan kuɗin da na ƙulle a bakin zane. Baba ya ce in mayar, yara za su ji yunwa a hanya. Ya haɗa mu da jikansa ya kai mu bakin titi. Bakina ya ce na gode, amma zuciyata ba ta wurin. Tana Mubi, tana bakin rumfa.

Muka bi ta Gidar da Garwa a bayan motocin kaya, har muka shigo Yola. Garin ya cika ya batse. Mafi yawan masu gudu ba sansani suka je ba, gidajen mutane suka shiga. Ɗan'uwan maigidana da muka nufa, har a kicinsa mutane ke kwana, ya yi ta ba mu haƙuri yana hawaye. Muka koma harabar cocinmu a Vinikilang. Abinci kuwa sau da yawa a cocin Katolika na St. Theresa da ke Jimeta muke karɓa, inda Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe ƙofa ba tare da tambayar cocin da mutum yake zuwa ba. A can muka ji an sauya wa Mubi suna, wai Madinatul Islam, kuma hedkwatar ikkilisiyarmu da ke Kwarhi ta faɗi a ranar da muka gudu, shugabanninmu sun koma Jos. A tsakiyar Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato Mubi. Waɗanda suka leƙa suka ce rumfar maigidana a buɗe take, ba kowa. Na bi sansanin Damare, na bi Malkohi, ina nuna hotonsa a waya. Kowa ya duba sai ya girgiza kai.

A wannan lokacin ban daina zuwa sujada ba, ai a cikin cocin nake kwana. Amma na daina waƙa. In na ji kiran salla da asuba sai jikina ya ɗauki rawa, kuma abin da ke zuwa mini a rai game da masu kiran, ba zan rubuta shi a nan ba. Wajen Kirsimeti aka yi sujadar godiya. Fasto ya karanta 1 Tasalonikawa 5:18, inda aka ce mu yi godiya a kowane hali. Mata suka tashi da tulu da ganga, ni ina zaune ina tafasa. Godiyar me? Miji ba labari, suruka a gonar wani a wata ƙasa, yara suna bin layi da kwano.

Wata dattijuwa ta zumunta, wadda aka kashe mata 'ya'ya maza biyu a bayan dutsen Gwoza, ta lura da ni. Bayan an tashi ta zauna kusa da ni. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce, "'Yata, ba wanda ya ce ki ji daɗi. In kin kwanta yau, ki lissafa waɗanda suka ba ki ruwa tun daga Mubi har nan. Iyakarsa ke nan."

Na yi, don barci ma ba zuwa yake ba. Masu gonakin da muka ci gyaɗarsu, ban san addininsu ba. Wani ɗalibi da ya saɓa autana a wuya ya haye da shi dutse. Baba, da matarsa, da jikansa, da samarin da suka haƙa kabari. Direban da carbi ke reto a madubinsa, wanda ya ce yara ba za su biya ba. Wata Ibo mai sayar da atamfa a kasuwar Jimeta da ta ba ni zane biyu ta juya baya don kada in yi mata godiya. Sistocin Katolika, waɗanda a da nake ganin hanyarsu daban da tamu. Da wasu mutane a Amurka da ban taɓa gani ba, 'yan ikkilisiyar da ta aiko mana da masu bishara tun farko, waɗanda suka tara kuɗin da aka sayi masararmu da shi. An ma gaya mana an raba wa majami'unsu sunayen 'yan matan Chibok, kowace majami'a da yarinyar da take yi wa addu'a. Na yi ta tunanin tsofaffin Turawa suna fama da furta sunayen Kibaku, yaren mutanen Chibok, a gaban Allah.

Lissafin ya ƙi bin layin fushina. Ina so in gode wa Allah da ya fid da ni da 'ya'yana, amma duk inda na duba, ta hannun mutum ya yi aikin, kuma rabin hannayen na masu salla ne. Ba yadda zan karɓi kyautar in tsine wa wanda aka aiko da ita. Sai na tuna Iliya a 1 Sarakuna 17. Da fari ya yi tsanani, ba gidan Ba'isra'ile Allah ya aika shi ba, wurin gwauruwar Zarefat ya aika shi, a ƙasar Sidon, ƙasar su Yezebel da ke neman ransa. Da Yesu ya tuna wa mutanen Nazarat wannan labari a Luka sura 4, sai suka tashi za su jefa shi daga kan dutse. Na fahimci fushinsu sarai. Mutum yana so a ce taimakon Allah ta ƙofar gidansu kaɗai yake bi.

A layin karɓar masara na saba da wata mai hijabi daga Madagali. A gabanta aka yanka mijinta saboda ya ƙi ba da ɗansa. Ita ma in ta ji ƙarar babur sai ta durƙusa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, muka riƙa riƙe wa juna wuri a layi.

Bayan zaɓen 2015 muka koma Mubi. Gidan ba ƙofa ba taga, keken ɗinki ya tafi, cocinmu an ƙone shi. Kafin in sauke kaya labari ya riga ya same ni: babban ɗan Yaya ya bi 'yan Boko Haram, kuma an gan shi yana zagayawa da su yana nuna gidaje. Yaron da na zuba wa tuwo. Da yamma Yaya ta shigo da kwanon abinci, ta durƙusa ta yi mini gaisuwa. Na amsa da baki. Abincin ban ci ba, ban kuma bar yara sun ci ba. Lissafin da na yi a Yola ya ɗauki Baba da direba da matar Madagali, amma bai tsallaka katangarmu ba. Sama da shekara biyu, tsakanina da ita sai "ina kwana" da "lafiya lau".

Ba ni kaɗai ba ce. A Michika har ranar kasuwa aka raba biyu, Kirista da tasu, Musulmi da tasu. 'Ya'yan ƙanen babana da muka tashi tare, muka koma sai a waya, ita ma jefi-jefi. Na samu wani keken ta hannun ikkilisiya, na koma zaure, na riƙa ɗinka wa namu kaɗai.

Ranar Talata, 21 ga Nuwamba, 2017, da asuba, ƙasa ta girgiza. Ɗan ƙunar baƙin wake ne ya shiga masallaci a Unguwar Shuwa ana cikin salla. An ce mutum kusan 50 suka mutu. Kafin rana ta ɗaga na ji kururuwa ta bayan katanga. Ɗan Yaya na biyu, wanda ke kwana a shagon ubangidansa a can unguwar, yana cikin sahu.

Na zauna a kan keke ƙafata tana kan feda, na kasa takawa. Na san wannan kukan, na yi irinsa. Wata zuciya ta ce ai yanzu sun ɗanɗana. Ba zan ce ba ta faɗa ba, ta faɗa. Amma yaron nan me ya yi? Salla ya je. Na tashi na yafa gyale. Ɗana ya tare ƙofa ya ce, "Mama, ina za ki?" Na ce, "Gidan Yaya." Ya ce, "Bayan abin da suka yi mana?" Na ce, "Wata mata ta rufe wa kakarka ido, ba ta san sunanta ba. Matsa in wuce."

Da na shiga mata suka yi tsit. Yaya tana zaune a ƙasa ba ɗankwali. Ta ɗago ta gan ni, ta kama bakin zanena ta riƙe, ba ta saki ba har azahar. Na ɗora tukunya a gidana na riƙa aikawa, yadda maƙwabta suke yi a zaman makoki.

Bayan an watse, wani dare ta shigo zaurena. Ta ce, "Ƙanwata, akwai maganar da ta daɗe tana cina. Ranar da kika buga ƙofa, ina bayanta." Na ce na sani. Ta ce, "Ba ki sani ba. Babban ɗana yana ciki. Da dare ya shigo da bindiga, shi da wani. Na jingina bayana da ƙofar na riƙe sakata, ina roƙon Allah ki gaji ki tafi. Da na buɗe, da ba ki kai Gella ba."

Na daɗe ban ce komai ba. Sannan na yi mata tambayar da ke bakina tun 2015, ko ɗanta ya san abin da ya sami maigidana. Ta rantse ba ta sani ba. Ta ce tun ranar da aka kore su daga Mubi ba ta ƙara sa shi a ido ba, ba ta san ko yana raye ba, kuma ba ta da bakin da za ta yi kukansa a gaban mutane. Muka zauna, mata biyu, kowace tana jiran wanda ba ya dawowa.

Mutane kan tambaye ni a taro, to shi yaron fa, shi ma ɗan'uwa ne? Ba na son amsar da ake bayarwa da murmushi. Cewa mu duka 'ya'yan gida ɗaya ne ba magana ce mai daɗi kawai ba. Kisan farko a Littafi Mai Tsarki tsakanin wa da ƙane aka yi shi, kuma bayan Kayinu ya zub da jinin Habila, Allah ya hukunta shi, amma ya sa masa alama don kada wani ya kashe shi. In an kama yaron nan, ina so a kai shi gaban shari'a, a tambaye shi gidajen da ya nuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya hana shi zama ɗan Yaya, wanda na san kukansa tun yana goye. Wata rana ina iya ambatarsa a addu'a. Wata rana kuma ba na iyawa, sai in ce Ubangiji, ka san wanda nake nufi.

Da damina mai zuwa na sayi farin yadi mai kyau, na ɗauki 'yata muka bi ta Sahuda, wannan karon a mota. Muka sha tambaya kafin mu gane ƙauyen. Baba yana nan, idonsa ya yi rauni, sai da jikansa ya tuna masa. Na durƙusa na ajiye yadin a gabansa. Ya shafa shi, ya gane ko mene ne, sai ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce, "'Yata, sammaci kika kawo mini? Ai ban shirya ba tukuna." Matarsa ta harare shi, ta karɓa ta kai ɗaki. Ya sa aka kai mu gona. Sun yi shuka ko'ina, amma kusurwar nan an bar ta, duwatsun suna nan a jere, an ƙara sabuwar ƙaya. A nan na yi godiyar da ban iya yi ba a 2014, da Hausa da guntun Fulatancina, har matarsa ta ce ya isa haka, fura tana jira.

A 2021, da na ji Bishop Mamza ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje a Sangere-Marghi, kuma ya haɗa da masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu, wasu daga cikinmu sun yi gunaguni, suna cewa an ƙone mana majami'u, mu kuma muna gina masallaci. Na san inda gunagunin ya fito, ban ga laifin mai yinsa ba. Ni dai wanda aka binne masa uwa a gonar Musulmi ba shi da bakin wannan magana.

Yanzu ina nan a zaurena. Ina da 'yan mata masu koyon ɗinki, wasu da ɗankwalin zumunta wasu da hijabi, rigimarsu ɗaya ce, kowa na son sabon almakashi. Kayan Sallar Yaya sun dawo hannuna, kuma har yanzu tana ƙorafin ina matse mata hannun riga. Da dattawan ikkilisiya suka ba da shawara, mun yi wa maigidana sujadar tunawa, ba gawa ba kabari. Na yarda aka yi saboda yara, amma lambar wayarsa tana nan a wayata.

Babban ɗana ya zama magidanci, ya gaji aikin babansa. Har yau ba ya gaishe da Yaya, in ya hango ta sai ya canja hanya. Na gaya masa labarin ƙofar, ya ce ya ji. Ban tilasta masa ba, shi ya goyi kakarsa a bayansa yana yaro, kuma shi ya rasa uba. Ina roƙon masu karanta wannan ku sa shi a addu'a. Ku sa Yaya ma, hawan jini ya kama ta tun rasuwar ɗanta, kuma maganin ya yi tsada.